Cigiyar da Na Kai Miga

Ni ba ɗan kasuwa ba ne, ban kuma taɓa riya wa kaina haka ba. Ma'aikacin gwamnati ne ni a Dutse, irin waɗanda ke sa hannu a rajista da safe, su ƙare sauran yinin a gindin bishiyar sakatariya suna gyara ƙasa da baki. Hannun jarin ma da na saya, zazzaɓinsa ne ya kama ofishinmu wata shekara, kowa ya saya, ni ma na bi yarima na sha kiɗa. Na zaɓi kamfanin siminti, saboda Baba ya ce kada in kusanci na banki ko na masu giya. Guda ɗari uku na saya ta hannun wani kamfanin dillanci da ke Legas, na manta da su shekara da shekaru. Sai da kamfanin ya fito da manhajar waya, abokin teburina ya saka mini ita, na riƙa leƙawa lokaci-lokaci don in ji ni ma ina da wani abu a Legas.

A lokacin Baba yana wurina a unguwar Limawa. Ya yi shekara arba'in yana karantarwa a zaurensa a garinmu Miga, da Inna ta rasu ƙafafunsa kuma suka gaza, muka roƙe shi ya dawo Dutse. Cikin 'ya'yansa shida gidana ya zaɓa, kuma na san dalili. Baba mutum ne mai tsantseni a kan abin da zai shiga cikinsa. Akwai gidajen manya da ya je ta'aziyya ya fito ko ruwa bai kurɓa ba. Yayana ɗan kwangila ne, ya fi ni komai, amma Baba ya ce albashin da aka san adadinsa ya fi masa daɗin haɗiya. Ni ne na uku, babu kunyar ɗan fari tsakaninmu, don haka kullum bayan magariba kwano ɗaya muke ci. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma babu abin da nake alfahari da shi a duniya kamar wannan kwanon.

Wata Laraba da hantsi ina ofis na buɗe manhajar, sai na ga ɗari ukun nan tawa ta koma dubu talatin da ɗari uku. Na kashe wayar na kunna. Na goge gilashinta da bakin riga. Na fita bayan ofis inda sabis ya fi ƙarfi na sake dubawa, suna nan daram, kuma a ƙarƙashinsu an rubuta kuɗin da ko na yi shekara biyar ban taɓa albashina ba ba zan tara shi ba.

Gaskiya ita ce tun a minti na farko na san ba nawa ba ne. Wani ne a can ofishin dillalan ya kuskure lamba, kayan wani ya faɗo asusuna. Na ce gobe zan kira su. Goben ta zo, na ce ai yau Alhamis ce, mako ya ƙare, a bari sai Litinin. Kafin Litinin na nuna wa abokin teburina, wanda a ofishinmu shi ne mai fatawar duk abin da ya shafi alawus. Ya dafa kafaɗata ya ce tsuntsu ne daga sama gasasshe, rabon kwaɗo kuma ba ya hawa sama. Ya ce in da a asusunsa abin ya faɗo, da yanzu yana zaɓen fili a hanyar jami'a. Na yi masa wa'azi sosai a kan haƙƙin mutane, sannan na tambaye shi nawa fili yake a wajen yanzu.

Da yake ɗan malam ne ni, ba na iya cin abu sai da hujja. Da muna cin tuwo ran nan na jefa wa Baba tambaya, na ce wani abokina ne abu kaza ya same shi. Na yi masa bayanin hannun jari daidai fahimtarsa, na ce kamar mutane ne da yawa suka haɗu suka mallaki gona ɗaya, kowa da yawan kunyoyinsa a rubuce. Ya tambaya ko abokin nawa ya san mai kayan. Na ce bai sani ba. Ya tambaya ko ya san wanda ya san mai kayan. Na ce to, kamfanin dai za su sani.

Baba ya ce, "To ai wannan ba tsintuwa ba ce. Ajiya ce aka yi ɓatan ƙofa. Ya mayar wa wanda ya kawo."

Ya ci gaba da cin tuwonsa. Amsar ta yi gajarta da yawa. Na ce a raina Baba mutumin da ne, ilminsa na akuya da jaki ne, ina ya san harkar zamani.

Daga nan na shiga yawon neman fatawa. Dutse ba ta rasa malamai ba, ni kuma na gano cewa amsa tana bin yadda ka ɗinka tambayar. Na farko na gaya masa komai, ya ba ni amsar Baba, har da ƙarin ayoyi. Na biyu na cire kamfanin daga labarin, amma shi mai bin diddigi ne, ya yi ta tambaya har kamfanin ya dawo da kansa. Na uku matashi ne, yana sauri zai tafi ɗaurin aure, na tare shi yana shirin tayar da mota. Na ce, Malam, mutum ne ya wayi gari ya ga dukiya a wurinsa, bai sata ba, bai roƙa ba, bai san mai ita ba. Ya ce hukuncin tsintuwa ke nan. A yi cigiya shekara guda a ƙofar masallaci ko kasuwa, inda ake zaton mai ita zai ji, in bai zo ba mai tsintuwa ya iya amfani da ita, amma duk ran da ya bayyana sai a biya shi. Na yi godiya har da durƙusawa. Wannan gaɓar ta inda ake zaton mai ita zai ji, na ji ta sarai, amma na bar ta nan a bakin titi.

Sai tunanin inda zan yi cigiyar. A Dutse ba zai yiwu ba, garin cike yake da ma'aikata da malaman jami'a, wani zai ce in kira kamfani kawai, ya ɓata mini shiri. Ina neman wurin da sharaɗi zai cika, kunne kuma ba zai gane ba. Babu inda ya fi masallacin ƙofar gidanmu a Miga, inda dattawa goma sha ke sallar la'asar, waɗanda duk jarinsu yana rumbu ko yana ɗaure a turke.

Ranar Asabar na hau babur ɗina na tafi. Bayan sallama na matsa kusa da ladan, wanda tsohon ɗalibin Baba ne, na raɗa masa cewa ina da 'yar cigiya, ya faɗa wa jama'ar da ke nan a taƙaice. Abin da ban sani ba, satin nan aka sa wa masallacin lasifika mai aiki da hasken rana, ladan kuma neman dalilin kunna ta yake yi. Ya miƙe ya gyara murya. Ya fara da sunan kakana, ya sauko kan Baba, ya iso kaina da muƙamina na ofis, har ya ƙara mini matsayi biyu. Sannan ya sanar da duk wanda ke da kunne cewa dukiya mai yawa ta shigo wayar ɗan Malam, shi kuma ya rantse ba zai taɓa ko kwabo ba sai mai ita ya zo. Sau uku ya maimaita. Ni ban yi wata rantsuwa ba, amma ba a katse ladan.

Kafin in sa takalmi an kewaye ni. Wani dattijo da tunkiyarsa ta ɓata tun kaka ya zo ya ji ko tana ciki. Sauran kuwa albarka suka yi ta sa mini. Suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, suka ce a zamanin nan da ɗa ke sayar da gonar ubansa yana raye, ga wanda dukiya ta biyo har aljihu yana neman mai ita. Wata tsohuwa ta aiko mini da ƙwan zabi. Na karɓi yabon nan duka, kuma abin kunyar shi ne ya yi mini daɗi. A hanyar dawowa har na fara yarda cewa ni mutumin kirki ne.

Bayan mako biyu kamfanin siminti ya raba ribar shekara, alat ya shigo mini na ribar hannun jarin nan guda dubu talatin da ɗari uku cif. Kuɗin ya fi albashina na wata biyu. A nan ban nemi malami ba, ni na ba kaina fatawa. Na ce ai wanda ya tsinci akuya yana kiwonta, ba a hana shi shan nononta. Ban tsaya tambayar kaina wace ciyawa nake ba hannun jari ba. Na sayi buhun shinkafa, da jarkar man gyaɗa, da nama mai yawa, na cika gas, na sayo wa Baba maganin hawan jininsa na wata uku. Na gaya wa matata ariyas aka biya mu, bashin albashin da muke bin gwamnati. Ta dube ni ta ce Allah Ya ƙaro, da irin muryar da ke nufin za a dawo kan zancen. Kwana tara Baba yana cin shinkafar nan tare da ni, yana cewa miyar ta yi daɗi.

Ran na goma Gwaggo ta zo daga Miga ganin likitan ido. Ƙanwar Baba ce, kuma ba a taɓa ba ta labari ya kwana a cikinta ba. Tun daga soro ta fara guɗa. Ta zauna gaban Baba ta ce, Yaya Malam, ka haifi ɗa, Miga gaba ɗaya zancen ɗanka ake yi. Ta kwashe cigiyar nan tsaf ta zuba masa, da lasifika da rantsuwa da ƙwan zabi. Ina tsaye a bakin ƙofa ina yi mata alama da ido, ita kuwa ai idon ne ya kawo ta asibiti.

Baba ya dube ni sau ɗaya, ba da fushi ba, kamar yadda yake duban allo in yana neman inda aka tsallake aya. Sannan ya tambayi Gwaggo ko geronsa na gonar bayan gari yana nan a rumbu. Ta ce yana nan. Ya ce ta aiko masa da tiya goma.

Da magariba aka kawo kwano, ya ce cikinsa ba ya son maiƙo. Washegari ma haka. Da geron ya iso ya kira matata, ya ba ta kuɗi daga cikin abin da tsofaffin ɗalibansa ke kawo masa, ya ce ta sayi itace ta riƙa dama masa kunu a murhu, kada ta ɗora a gas. Maganin da na sayo kuma ya tattara a leda ya ajiye a bakin ƙofar ɗakina. A daren ranar ban tsira ba, matata ta tsare ni sai da na faɗa mata wace irin ariyas ce. Ba ta yi hayaniya ba. Ta ce ita dai keken ɗinkinta bai taɓa wayar gari ya zama ɗari ba, don haka da kuɗin ɗinki za ta sayo wa Baba wani maganin. Ta sayo, ya karɓa daga hannunta ya sha.

Na ji haushi ƙwarai, kuma haushin Baba na ji, ba na kaina ba. Na ce wannan tsoho zai kashe kansa da yunwa don ya tozarta ni. Na yi kwana goma sha ɗaya ina cin shinkafa ni kaɗai a tsakar gida da ƙarar cokali, don ya ji. Shi kuma yana ɗaki da kofin kununsa, safe da rana da dare. Mutum mai shekara tamanin ba ya da naman da zai yi asara. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa, in zai tashi alwala sai ya dafa bango sau biyu. Matata ta so ta riƙa yi masa tuwo da kuɗinta, ya ce a'a, ciyar da shi ba a wuyanta yake ba, ba zai ɗora mata ba.

Ran na goma sha biyu na shiga ɗakinsa da hujjojina a jere. Na ce malami ne ya ba ni fatawa. Na ce na yi cigiya a bainar jama'a, da shaidu. Na ce shekara ɗaya kawai zan jira, kuma ko sisi ban sayar ba. Ya bar ni na gama, yana jan carbi. Da na ga babu wadda ta kama, sai na fito da ta ƙarshe.

Na ce, "Baba, mutanen nan fa masu kuɗi ne. Ba su ma san abin ya ɓata ba."

Ya ce, "Kai ka sani."

Na tsaya jiran sauran, babu saura. Da na juya zan fita ya ƙara da cewa, a hankali, "Kwana tara ka ciyar da ni shi. Da ka bari na zaɓa da kaina."

Wannan ita ta karya ni. Na fita soro na zauna, na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar Inna. Washegari tun kafin a buɗe rajista na kira kamfanin.

Na ɗauka mayar da kayan mutane abu ne mai sauƙi. Ashe a ƙasar nan an tanadi hanyar kai ƙarar an cuce ka, amma ba a tanadi ta wanda ya zo mayarwa ba. Na sha kiɗa a waya har katina ya ƙare. Da wata mata ta ɗauka na yi mata bayani, sai ta gargaɗe ni cewa suna naɗar muryar duk mai kira, kuma sun san irinmu. Wato ni ne ɗan damfara. Na rantse mata, ta ce in aiko da imel. Na aika, aka amsa cewa an karɓi kokena kuma ana ba ni haƙuri bisa abin da na rasa. Na sake rubutawa cewa ban rasa komai ba, ƙari na samu. Aka ce in turo takarda da sa hannuna, da katin shaida, da hotona riƙe da katin. Abokin teburina shi ya ɗauke ni hoton, yana cewa bai taɓa ganin wanda ya sha wahala haka don ya talauce ba.

Mako uku aka yi ana wannan. Kullum in dawo in gaya wa Baba inda aka kwana, in roƙe shi ya ci ko loma biyu tunda ga shi na kama hanya. Ya ce in kayan sun fita na gaya masa. A cikin makonnin nan sau ɗaya jiri ya kwashe shi a bakin rijiya, Allah Ya sa matata tana kusa. Na riƙa kiran Legas sau uku a yini, har matar nan ta gane muryata ta daina gargaɗina.

Wata Talata na buɗe manhajar na ga ɗari ukuna su kaɗai, kamar ba a yi komai ba. Babu godiya, babu bayanin ko na waye. Sai wata wasiƙa da ta biyo baya, mai cewa in mayar da ribar da aka biya ni bisa kuskure cikin kwana goma sha huɗu, in ba haka ba za a ɗauki mataki. Ribar kuwa ta riga ta zama shinkafa da miya. Na sayar da babur ɗina na biya, na koma hawa adaidaita zuwa ofis. A Miga har yau cewa ake mai dukiyar ya zo da kansa daga Legas ya rungume ni yana kuka, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin halin gyara labarin ba.

Ranar da na biya na buga shaidar a takarda na kai wa Baba. Ba ya karanta boko, don haka na karanta masa ina fassarawa. Ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mini. Ya ce a kawo abinci. Matata ta yi tuwon dawa miyar kuka da ɗan nama, na ajiye kwanon a tsakaninmu. Ya ci loma biyar, ya sha ruwa, ya yi hamdala. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka, na ce shi ke nan, an wuce wurin.

Washegari da aka kawo kwano na wanke hannu, shi ma ya wanke. Sai ya tsaya, hannunsa a kan gwiwa.

Ya ce, "Wannan na albashi ne?"

Babu zargi a muryarsa, tambaya ce kawai, irin wadda na sha ji yana yi a gidajen mutane tun ina yaro ina riƙe masa buta. Shekara shida yana gidana bai taɓa yi mini ita ba. Daga ran nan kuwa har ya bar duniya, shekara biyu da wata huɗu, bai taɓa sa hannu a kwanona ba sai ya yi ta.

Na ce, "Na albashi ne, Baba."

Ya ɗaga kai ya dubi matata da ke tsaye a bakin ƙofa. Ta gyaɗa kai, sannan ya yi bisimilla.